In Hukuma Ta Ɗauke Yaro A Amurka, Mene Ne Haƙƙin Iyayensa?

Daga Wakilinmu

A kowace shekara hukumomin kare yara na jihohin Amurka sukan raba dubban yara da iyayensu bisa zargin cewa ana gallaza musu ko kuma ana yin sakaci da su. Lissafin da Ma'aikatar Lafiya da Jin Daɗin Jama'a ta ƙasar ta bayar ya nuna cewa a cikin shekarar 2022 kaɗai yara kimanin 186,000 ne aka shigar hannun riƙo na hukuma, kuma a ƙarshen watan Satumba na wannan shekara akwai yara kimanin 368,000 da ke kwana a gidajen da ba na iyayensu ba. Wasu daga cikinsu an tserar da su ne daga halaka, wasu kuwa talaucin gidansu ne ya jawo musu.

Wannan al'amari ya shafi mutanenmu kai tsaye, domin dokar ba ta bambanta ɗan ƙasa da baƙo ba. Ma'aikacin gwamnati da aka tura ƙaro ilmi ya tafi da iyalinsa, da ɗalibar da ta haihu tana tsakiyar karatu, da Hausawan Gana da Nijar da Nijeriya da suka daɗe da zama a unguwar Bronx ta birnin Niyok, duk suna ƙarƙashinta muddin akwai yaro a gidan. Wanda ya tashi a inda ɗa na kowa ne, inda kaka da gwaggo da kawu ke da bakin magana kan tarbiyya, zai yi mamakin ganin cewa a can wata ma'aikaciya da bai taɓa gani ba tana iya shiga gidansa da safe, kafin la'asar 'ya'yansa suna hannun wasu. Saboda haka ya dace a san yadda abin yake tafiya, da abin da doka ta bar wa iyaye a hannu.

Asalin hukumar

Babu wata hukuma guda ɗaya da ke yin wannan aiki a faɗin ƙasar. Kowace jiha daga cikin jihohi 50 tana da dokarta da ma'aikatarta, a wasu jihohin ma, kamar Kalifoniya da Niyok, ƙananan hukumomi ne ke gudanar da aikin. Jama'a dai sukan haɗa su duka su kira su da haruffa uku, CPS, watau sashen kare yara. Rawar da gwamnatin tarayya ke takawa ita ce ba da kuɗi tare da gindaya sharuɗɗa, kuma ta wannan hanya ce dokokin jihohin suka yi kama da juna a manyan batutuwa ko da yake sun saɓa a ƙanana.

Tarihin abin ya faro ne daga shari'ar wata yarinya mai suna Mary Ellen Wilson, wadda aka ƙwato daga hannun mariƙiyarta a Niyok cikin 1874, abin da ya jawo kafa ƙungiyar farko ta hana zaluntar yara a 1875. Sai dai bai zama aikin gwamnati sosai ba sai bayan 1962, lokacin da wani likita, Dakta Henry Kempe, da abokan aikinsa suka buga bayanin yaran da ake kawowa asibiti da karaya da raunuka waɗanda iyaye ne suka ji musu. Kafin ƙarshen 1967 kowace jiha ta yi dokar da ta tilasta wa likitoci kai rahoto, kuma ran 31 ga Janairu, 1974, Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a dokar tarayya ta hana gallaza wa yara, wadda har yanzu ita ce ginshiƙin tsarin.

Daga rahoto zuwa ƙofar gida

Kusan kowace shari'a takan fara ne da bugun waya. Doka ta wajabta wa malaman makaranta da likitoci da ma'aikatan jinya da 'yan sanda su kai rahoton duk abin da suke zato, kuma wanda ya yi shiru ya aikata laifi. Ba a bukatar ya tabbatar, zato mai dalili ya isa. A 2022 an karɓi rahoto kimanin miliyan 4.3 da suka shafi yara kimanin miliyan 7.5. An bi sawun yara wajen miliyan 3.1, daga cikinsu aka tabbatar da zargi a kan kimanin 559,000, watau ƙasa da ɗaya cikin biyar. Abin lura kuma shi ne kashi 74 cikin ɗari na waɗanda aka tabbatar ɗin sakaci ne aka samu, duka kuwa kashi 17 ne.

Haƙƙin iyaye na farko yana nan bakin ƙofa. Tun 2003 dokar tarayya ta ce tilas ne ma'aikaci ya gaya wa wanda ake bincika irin zargin da ake yi masa tun haɗuwarsu ta farko, ko da yake ba zai faɗi wanda ya kai ƙara ba. Har ila yau, gyara na huɗu na tsarin mulkin ƙasar ya hana binciken gida ba bisa ƙa'ida ba, kuma kotunan tarayya da dama sun yanke cewa wannan ya haɗa da ma'aikacin jin daɗin jama'a. Watau ba zai shiga ba sai da yardar mai gida, ko da takardar izini daga alƙali, ko kuma in akwai haɗari na nan take ga yaron. To, amma iyaye kaɗan ne suka san haka. Wani binciken 'yan jarida da aka buga a 2022 ya gano cewa hukumar birnin Niyok, wadda ke bincike fiye da 50,000 a shekara, takardun izinin shiga gida da take karɓa daga kotu ba su kai 100 ba. Sauran duk tsoro ne ke buɗe ƙofa.

Wannan ba ya nufin cewa rufe ƙofa shi ne dabara a kowane hali. Ma'aikaci yana iya komawa kotu ya ce an hana shi ganin yaro, alƙali kuma ya ɗauki hakan da nauyi. Abin da lauyoyin iyaye suka fi ba da shawara shi ne mutum ya yi magana cikin ladabi, ya nemi sunan ma'aikacin da na shugabansa, ya rubuta duk abin da aka faɗa da ranar da aka faɗe shi, ya kuma nemi lauya kafin ya yi dogon bayani, domin duk abin da ya furta yana iya shiga takarda, har ma ya kai ga 'yan sanda in zargin na duka ne. Jihar Teksas ta yi doka a 2023 wadda ta tilasta wa ma'aikatanta su karanta wa iyaye waɗannan haƙƙoƙi tun da farko, ta kuma daina karɓar rahoton wanda ya ƙi faɗin sunansa.

Akwai wata hanya da hukuma ke bi wadda ba ta biyo ta kotu ba, kuma a nan ne iyaye da yawa ke yin asara ba su sani ba. Ma'aikaci yakan kawo takarda da ake kira shirin kiyaye lafiyar yaro, ya ce a mai da yaron gidan wani ɗan'uwa, ko uba ya bar gidan na ɗan lokaci, in ba haka ba a tafi kotu. A rubuce yarjejeniya ce ta ganin dama. A zahiri kuwa wanda ya sa hannu ya rabu da ɗansa ba tare da alƙali ya duba hujja ba, ba lauya, sau da yawa kuma ba ranar ƙarewa. Wani lokaci wannan hanya ta fi sauƙi ga iyali, tun da yaro yana wajen nasa, amma ya kamata mai sa hannu ya tabbatar an rubuta ranar da za ta ƙare da sharaɗin da zai cika.

Kwanakin farko

In hukuma ta ga akwai haɗari na gaggawa, doka ta yarda ta ɗauke yaro kafin ta je kotu, amma tilas ne ta gurfana gaban alƙali cikin ɗan lokaci. A Filorida awa 24 ne. A Ilinoi awa 48 ne ban da ranakun hutu. A Kalifoniya za a shigar da ƙara cikin awa 48 na ranakun aiki, a zauna washegarin ranar aiki. A Teksas cikakken zaman da iyaye za su kare kansu yakan zo cikin kwana 14. A Niyok kuwa uwa ko uba suna da ikon neman a dawo musu da yaro, kuma dole kotu ta saurare su cikin kwana uku na aiki.

Wannan zama na farko, ko da yake wani lokaci ba ya wuce 'yan mintoci, ya fi kowane zama tasiri, domin yaron da alƙali ya bari a hannun riƙo a ranar yakan yi watanni kafin a sake duba maganarsa da gaske. Abubuwa biyu dokar tarayya ta ɗora wa alƙali. Na farko ya tabbatar cewa zaman yaron a gida ya saɓa wa lafiyarsa. Na biyu ya tabbatar, cikin kwana 60, cewa hukuma ta yi ƙoƙari gwargwadon hali don kada a kai ga ɗauke shi. Wannan sharaɗi na biyu ya samo asali ne daga dokar 1980, kuma shi ne makamin lauyan iyaye: in matsalar rashin abinci ce ko rashin wutar ɗumama ɗaki ko rashin mai reno, me hukuma ta bayar kafin ta ɗauki yaro? In mutum guda ne ake zargi a gidan, me ya hana a fitar da shi a bar yaro da uwarsa?

Abu na biyu da iyaye za su yi a ranar shi ne ba da sunayen dangi. Dokar tarayya ta 2008 ta wajabta wa hukuma ta nemi kakanni da sauran manyan dangi ta sanar da su cikin kwana 30, kuma ana fifita ɗan'uwa a kan bare in ya cika sharuɗɗa. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na yaran da ke hannun riƙo suna wajen danginsu ne. Jihohi da dama sun yarda da aminin iyali wanda ba jini ba, kamar maƙwabci ko wani daga masallaci ko coci da yaron ya saba da shi. Iyayen da kunya ta hana su faɗa wa kowa halin da suke ciki sukan wayi gari yaronsu yana gidan baƙi alhali akwai nasa da zai karɓe shi. In ɗan'uwan yana wata jiha, sai an bi yarjejeniyar da ke tsakanin jihohi, wadda kan ci watanni, saboda haka gara a fara da wuri.

Maganar lauya

Mutum zai zaci cewa ƙasar da ke ba wanda ake tuhuma da sata lauya kyauta za ta ba uwar da za a raba da ɗanta. Kotun Ƙoli ba ta ga haka ba. A shari'ar Lassiter ta 1981, wadda ta taso daga Karolina ta Arewa, alƙalai biyar cikin tara suka yanke cewa tsarin mulki bai wajabta ba da lauya a kowace shari'ar soke matsayin iyaye ba, sai dai alƙali ya duba kowace da halinta. Duk da haka yawancin jihohi sun yi dokokinsu da suka ba matalauta lauya, kuma a Niyok iyaye matalauta suna da wannan haƙƙi tun 1972. Bambancin yana wajen lokaci da inganci. A wata jihar lauya yana tsaye tun zaman farko, a wata sai an kai ga maganar rabuwa ta har abada, kuma akwai inda lauya guda ke riƙe da shari'u fiye da ɗari, yana ganin wanda yake karewa a barandar kotu minti biyar kafin a shiga.

An auna amfanin lauya na gari. Wani nazari da aka buga a 2019 kan shari'un birnin Niyok ya kwatanta iyayen da ofisoshi masu lauya da ma'aikacin jin daɗin jama'a da mai ba da shawara suka tsaya musu, da waɗanda lauya shi kaɗai ya tsaya musu. Yaran rukunin farko sun rage kwana 118 a hannun riƙo, kuma ba a sami ƙarin cutarwa ba bayan komawarsu gida. Daga 2019 gwamnatin tarayya ta fara biyan rabin kuɗin lauyoyin iyaye a shari'un da suka cancanta, abin da a da ba ta yi sai ga lauyoyin hukuma.

Shari'a da agogo

Bayan zaman farko sai a zo zaman tabbatar da zargi. Nauyin kawo hujja yana kan hukuma, iyaye kuma suna da ikon ganin takardun da aka shigar, su yi wa shaidu tambayoyi, su kawo nasu shaidun, har da likita na dabam in maganar rauni ce. A yawancin jihohi hujjar da ta ɗan rinjaya ta isa a wannan mataki. Iyaye da yawa sukan amsa laifi don a gajarta, da fatan za a dawo da yaro da wuri, amma amsawar tana da sakamako mai nisa. Sunan mutum yakan shiga rajistar jiha ta masu cutar da yara, wadda masu ɗaukar ma'aikata a makarantu da gidajen reno da wasu ayyukan jinya ke dubawa, kuma irin waɗannan ayyuka ne baƙi daga Afirka da yawa ke ci da su. Ana iya ƙalubalantar shiga rajistar, amma cikin ƙayyadadden lokaci, a Niyok kwana 90 daga ranar sanarwa.

In an tabbatar da zargi, kotu takan tsara wa iyaye abin da za su yi kafin yaro ya koma: darasin tarbiyya, ko maganin shaye-shaye, ko ganin likitan ƙwaƙwalwa, ko samun muhalli da aikin yi. Suna da haƙƙin a shawarce su wajen tsara shi, da haƙƙin ziyartar yaro sai fa in alƙali ya ga ziyarar za ta cutar da shi. Ana duba shari'ar aƙalla duk wata shida. Ziyara ita ce ma'aunin da alƙalai suka fi dubawa, kuma wanda ya yi fashin zuwa sau uku saboda aiki ko rashin mota za a rubuta cewa bai zo ba, ba za a rubuta dalili ba sai in shi ya kai shi a rubuce.

Daga nan agogo ya fara bugawa. Dokar da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a Nuwamba 1997 ta ce cikin wata 12 a yi zaman yanke makomar yaro, kuma in ya yi wata 15 daga cikin wata 22 na baya a hannun riƙo, to jiha ta shigar da ƙarar soke matsayin iyayensa. Akwai togaciya uku: in yaron yana wajen dangi, ko akwai dalili mai ƙarfi na cewa sokewar ba alheri ba ce gare shi, ko kuma hukuma ba ta ba iyaye taimakon da aka tsara ba. A Kalifoniya, in yaro bai kai shekara uku ba, wata shida kawai ake fara ba iyaye. Manufar dokar ita ce kada yara su girma suna yawo daga wannan gida zuwa wancan. A 1999 yawansu ya haura 560,000. Amma wata 15 ba su da yawa ga wanda ke jiran layin gidan gwamnati, ko yake ɗaure, ko yake tsare a hannun jami'an shige da fice.

Rabuwa ta har abada

Soke matsayin iyaye shi ne hukunci mafi tsanani a kotun iyali, har wasu alƙalan Amurka sukan kwatanta shi da hukuncin kisa. Wanda aka yi wa ya zama bare ga ɗansa a idon doka, ba ziyara, ba labari. In wasu suka ɗauki yaron a matsayin ɗa, akan ba shi sabuwar takardar haihuwa mai ɗauke da sunayensu. Ga Musulmi, wanda addininsa ya yarda da riƙon maraya amma ya hana a canza nasabarsa, wannan ya fi ƙarfin a kira shi rashin ɗa kawai. A shekarun nan dubban yara ne ake yi wa iyayensu wannan hukunci a kowace shekara, ko da yake kusan rabin yaran da ke fita daga hannun riƙo gidan iyayensu suke komawa.

A nan ne Kotun Ƙoli ta fi tsayawa iyaye. A shari'ar Stanley ta 1972 ta hana jihar Ilinoi ƙwace 'ya'yan wani uba bayan rasuwar uwarsu don kawai ba su yi aure ba, ta ce sai an saurare shi an tabbatar bai cancanta ba. A shari'ar Santosky ta 1982 ta ce hujjar da ta ɗan rinjaya ba ta isa a raba iyaye da 'ya'ya har abada ba, sai hujja bayyananniya mai gamsarwa. A 1996 kuma ta yanke cewa jihar Misisipi ba za ta hana wata uwa ɗaukaka ƙara ba don ta kasa biyan dala 2,352 na kuɗin takardun shari'a. Ɗaukaka ƙara dai haƙƙi ne, amma lokacinsa gajere ne, sau da yawa kwana 30 ko ƙasa da haka. Wasu jihohi sun buɗe ƙofar mai da wa iyaye matsayinsu in shekaru sun wuce ba wanda ya ɗauki yaron.

Ƙabilun asali na Amurka suna da kariya ta musamman. Bayan bincike ya nuna cewa kashi 25 zuwa 35 cikin ɗari na 'ya'yansu an raba su da gidajensu, majalisa ta yi dokar 1978 wadda ta ce ba za a soke matsayin iyayensu ba sai da hujjar da babu kokwanto a cikinta, kuma a fifita dangi da 'yan ƙabila wajen riƙo. Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar a 2023 da rinjayen alƙalai bakwai a kan biyu. Masu neman gyara suna cewa abin da aka ga ya dace da waɗannan ƙabilu ya dace da kowa.

Talauci ko sakaci

Gardamar da ake yi a Amurka yanzu tana kan kalmar sakaci. Gidan da babu abinci, ko uwar da ta bar yara ta tafi aikin dare don ba ta da kuɗin mai reno, duk suna iya shiga ƙarƙashinta. Wani nazari na 2017 ya ƙiyasta cewa kashi 37 cikin ɗari na yaran ƙasar za a binciki gidansu kafin su kai shekara 18, a cikin baƙaƙen fata kuwa kashi 53. Tun 2007 wani masanin tattalin arziki, Joseph Doyle, ya bi sawun yara kimanin 15,000 a Ilinoi, ya gano cewa a shari'un da ke kan iyaka, waɗanda wani ma'aikaci zai ɗauke wani ya bari, yaran da aka bari a gida sun fi dacewa daga baya wajen aikin yi da kauce wa laifi. Kotuna ma sun sha taka wa hukuma birki. A 2004 babbar kotun jihar Niyok ta ce ba za a kira uwa mai sakaci ba don kawai mijinta ya doke ta a gaban yara. A 2008 hukumar Teksas ta kwashe yara fiye da 400 daga gonar wata ɗariƙa a Eldorado, amma cikin wata biyu kotunan jihar suka ce ba a nuna haɗarin gaggawa ga kowane yaro ba, aka mai da su.

Ɗaya ɓangaren kuma yana da tasa hujjar. A 2022 an ƙiyasta yara 1,990 ne suka mutu ta hanyar gallazawa ko sakaci. Ana tuna Joshua DeShaney na jihar Wiskonsin, ɗan shekara huɗu, wanda hukuma ta sha samun rahoto a kansa ta bar shi wajen ubansa har ya doke shi ya lalata masa ƙwaƙwalwa a 1984. Duk lokacin da irin wannan labari ya fito a jarida, ma'aikata sukan tsorata, yawan ɗauke yara ya ƙaru, domin ma'aikacin da ya bar yaro ya mutu zai rasa aikinsa, wanda ya ɗauke yaro ba dalili kuwa da wuya a tambaye shi. Dokar 2018 ta yi ƙoƙarin gyara wannan ma'auni ta hanyar barin jihohi su kashe kuɗin tarayya wajen taimaka wa iyali tun yaro yana gida, kuma yawan yaran da ke hannun riƙo ya ragu a shekarun da suka biyo baya.

Abin da ya shafi baƙo

Abubuwa kaɗan ne suka fi jefa baƙi cikin wannan rami. Na farko horo da bulala. Dokokin jihohin Amurka ba su hana iyaye ɗan horo na hankali ba, amma duk dukan da ya bar shaida a jiki ana iya ɗaukarsa gallazawa, kuma malamin da ya ga tabo ba shi da zaɓi sai ya buga waya. Na biyu barin yara su kaɗai ko a hannun yayarsu ƙarama, abin da a gida ba komai ba ne saboda maƙwabta suna nan. A jihar Merilan laifi ne a bar yaron da bai kai shekara takwas ba shi kaɗai. Na uku harshe. Wanda Turancinsa bai nuna ba ya nemi tafinta a kotu da wajen ma'aikaci, kada ya yarda ɗansa ya zama tafinta, kada kuma ya sa hannu a takardar da bai fahimta ba.

Baƙo yana da wasu madafa biyu. Sashe na 37 na yarjejeniyar Biyana ta 1963 kan harkokin ƙananan jakadu, wadda Amurka da Nijeriya duk suna cikinta, ya ce a sanar da ofishin jakadanci ba da ɓata lokaci ba in za a naɗa wa yaro ɗan wata ƙasa mai riƙo. Ba kullum ma'aikata ke tunawa da wannan ba, saboda haka iyaye su nema da bakinsu. Nijeriya tana da ofishin jakadanci a Washinton da ƙananan ofisoshi a Niyok da Atlanta. Jakada ba zai soke hukuncin alƙali ba, amma yana iya taimakawa wajen nemo dangi da takardu da bayyana wa kotu al'ada. Na biyu maganar addini. Dokar jihar Niyok ta ce a sa yaro a hannun masu addini irin nasa in hakan zai yiwu, wasu jihohin ma suna da makamancin wannan, sai dai gidajen riƙo na Musulmi kaɗan ne, don haka sharaɗin yakan tsaya a takarda in al'umma ba ta fito ta yi rajista ba.

Abin da wannan tsari ke nunawa shi ne haƙƙoƙin suna nan a rubuce, amma kowanne yana da ranar da zai mutu in ba a nema ba, kuma hukuma ba ta cika tuna wa mutum ba. Wanda ya halarci kowane zama, ya riƙe takardunsa, ya kawo danginsa tun ranar farko, ya fi wanda ya tsaya yana rantsuwa cewa an zalunce shi samun ɗansa, ko da kuwa gaskiya ne an zalunce shi. Ya kamata hukumomin da ke tura ma'aikata da ɗalibai Amurka su sa bayanin waɗannan dokoki cikin jawabin da suke yi musu kafin tashi, ofisoshin jakadanci su tanadi sunayen lauyoyin da suka ƙware a kotun iyali, ƙungiyoyin 'yan ƙasa da masallatai da coci-coci na can kuma su ƙarfafa wa wasu daga cikinsu su karɓi lasisin riƙo, domin in ƙaddara ta faɗa wa wani gida, yaro ya kwana a inda ake jin harshensa.